Gonar da ake zuwa kallo

Duk lokacin da na ci karo da rahoton da ke yabon bunƙasar yawon buɗe ido a wani yankin karkara, abin da nake fara dubawa shi ne abin da rahoton ya bari bai ƙirga ba. Za a faɗi yawan baƙin da suka sauka, da ɗakunan otal da aka gina, da ayyukan yi da aka samar, da kuɗin shigar da gwamnati ta tara, amma da wuya ka ji an faɗi kadada nawa ta gona ta shige ƙarƙashin siminti, ko kuma gidaje nawa ne waɗanda a da suke ci daga rumbunsu, yau kuma sai sun je kasuwa sun yi awo kafin a ɗora tukunya. Wannan giɓin ya daɗe yana damuna, domin a ganina a cikinsa ne makomar magidancin karkara take.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 1950, masu tsallaka iyakar ƙasa domin ziyara ba su wuce miliyan 25 ba a duk duniya, amma zuwa 2019 adadin ya kusa biliyan 1.5, ban da masu yawo a cikin ƙasashensu, waɗanda suka ninka wannan adadin sau da dama. Kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar wurin kwana, da ruwan wanka, da abinci, da titin da zai bi, da filin da jirginsa zai sauka, kuma dukkan waɗannan a kan ƙasa ake kafa su. Ba na cikin masu ƙyamar baƙo, kuma na yarda cewa gidaje masu yawa a duniya sun fita daga ƙangin talauci ta dalilin wannan harka. Abin da nake so in nuna shi ne cewa alherin da gidan manomi zai samu ya rataya ne a kan tambaya guda: bayan baƙi sun yawaita, gona da ruwanta suna nan a hannunsa, ko kuwa sun fita?

Mai gina otal da manomi fili iri ɗaya suke nema. Dukkansu suna son wuri shimfiɗaɗɗe, mai ruwa a kusa, wanda hanya ta isa gare shi, saboda haka gini ba ya tafiya kan fako ko kan duwatsun da babu mai nomawa, fadama mai kyau ce take fara tafiya. Inda suka rabu shi ne wajen ma'auni. Manomi yana auna darajar fili da buhunan da zai ba shi a kaka, mai gini kuwa yana auna ta da kuɗin da ɗaki zai kawo masa kowane dare har shekara ta zagayo. Da zarar wannan ma'auni na biyu ya shigo ƙauye, farashin fili yakan rabu da amfanin gona gaba ɗaya, har dillali ya zo da tayin da ya fi abin da gonar za ta bayar cikin shekaru masu yawa. Ba na ganin laifin wanda ya sallama. Mutumin da bashi ya yi wa katutu, ga kuɗin makarantar yara, ga jinyar tsoho a gida, ga taki yana ƙara tsada kowace damina, idan aka ajiye masa kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba ya karɓa, lissafi ya yi, kuma lissafin yana da hujja. Abin da lissafin yakan manta shi ne gona tana bayarwa kowace shekara, kuɗin sayar da ita kuwa sau ɗaya ake karɓar su. A gyara gida, a sayi abin hawa, a biya bashi, a aurar da 'ya'ya, bayan 'yan shekaru sai a waiga a ga hannu ya bushe, kuma abin da ya rage ba zai sayi ko kusurwar filin da aka sayar ba, domin farashi ya riga ya yi nisa.

Sannan wanda ya sa hannu a takardar ciniki ba shi kaɗai yake ci daga gonar ba. Akwai matar da ke da ɗan lambunta a gefe, akwai ƙannen da ke jiran rabon gado, akwai mai noman haya ko na aro, akwai ɗan ƙodagon da ke samun aikin shuka da girbi, akwai makiyayin da ke shigar da dabbobinsa su ci kara bayan an kwashe amfani. Ranar da aka kewaye filin da katanga, dukkan waɗannan sun rasa abin dogaro, kuma babu ɗayansu da sunansa yake cikin takarda, balle a yi maganar ba shi diyya.

Tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya ne ya fi fahimtar da ni yadda abin yake tafiya daki-daki. Tsibiri ne mai mutane sama da miliyan 4, wanda a 2019 ya karɓi baƙi 'yan ƙasashen waje sama da miliyan 6. Noman shinkafa a can yana gudana ne bisa wani tsari da suke kira subak, wato ƙungiyar manoman da gonakinsu ke shan ruwa daga madatsa ɗaya. Tare suke tsayar da lokacin shuka, tare suke yashe magudanai, tare suke raba ruwan da ke gangarowa daga gona zuwa gona har ya kai ga wanda yake can ƙasa. Tsarin ya kai kimanin shekara 1,000 ana aiki da shi, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ƙarfin wannan tsari shi ne kowa ya dogara da maƙwabcinsa, kuma nan ne rauninsa yake idan gini ya shigo. Idan mutum ɗaya a tsakiyar sarƙar ya sayar da filinsa, ko ya ba da hayar shekaru masu tsawo aka gina gidan saukar baƙi, magudanar da ta ratsa ta wurin takan toshe, ko a karkatar da ita, ko ta koma hanyar zubar da ruwan ƙazanta da leda. Waɗanda suke ƙasa da shi sai su ga ruwa ya ragu. Aikin gayyar da ake raba wa mutane da yawa sai ya koma wuyan 'yan kaɗan. Bugu da ƙari, harajin fili a Indunusiya ana lissafa shi ne bisa ƙimar da filin zai yi idan za a sayar da shi, don haka gonar da ta yi maƙwabtaka da sabon gini harajinta yana iya tashi alhali ko buhu ɗaya bai ƙaru a girbinta ba. Mutumin da bai taɓa tunanin rabuwa da gonar kakanninsa ba sai ya wayi gari ruwa ya yi masa ƙaranci, aiki ya yi masa yawa, haraji ya yi masa nauyi, ga kuma dillali a ƙofar gida. Idan ya sayar, a takarda za a rubuta cewa da yardarsa ya sayar, alhali kuwa an riga an toshe masa duk wata hanyar da ba wannan ba.

Batun ruwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin sau da yawa yakan kashe gona tun kafin a zo sayenta. Otal ba ya jiran ranar rabon ruwa. Yakan haƙa rijiyar burtsatse mai zurfin da manomi ba zai iya biyan kuɗin irinta ba, ya cika tafkin ninkaya, ya wanke zannuwan gado kullum, ya yi ban-ruwan ciyawar ado da filin wasan golf. Kuma baƙi sun fi zuwa ne a lokacin da sama ta washe babu ruwa, wato daidai lokacin da mai noman rani yake ƙirga kowane ɗigo. Haka yake a Bali, haka yake a tsibiran Bahar Rum irin su Mayorka ta ƙasar Sifaniya. Idan aka yi ta zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyin ƙauye ne ke fara ƙafewa, a bakin teku kuma ruwan gishiri yakan kutso ya maye gurbin wanda aka zuƙe, kuma ƙasar da gishiri ya shiga takan daɗe ba ta farfaɗo ba.

Akwai kuma gonar da babu wanda ya saye ta, amma ta mutu saboda babu hannun da zai noma ta. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Meziko ta zaɓi wani bakin teku da kusan babu kowa a cikinsa domin gina garin Kankun, otal-otal na farko suka buɗe a 1974, kuma a ƙidayar 2020 mazauna garin sun kusa 900,000. Da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki bulo, da waɗanda suke share ɗakuna da wanke kwanuka, 'yan ƙabilar Maya ne daga ƙauyukan yankin Yukatan, waɗanda iyayensu ke noman masara da wake da kabewa a gona ɗaya. Ci-rani ne da farko, a tafi a dawo, daga baya ya zama zama na dindindin ga mutane da yawa. A 1992 aka gyara sashe na 27 na kundin tsarin mulkin ƙasar, aka buɗe ƙofar sayar da filayen al'umma da ake kira ehido, waɗanda a da doka ta hana a sayar, kuma wannan ya sauƙaƙa wa masu gini samun filaye a bakin tekun har zuwa garin Tulum. Ba zan ce matashin da ya bar fartanya ya kama aikin albashi ya yi kuskure ba, domin kuɗin da yake aikowa gida su ne suke sayen magani da littattafai. Amma idan masu ƙarfi a jika suka tafi, noma yakan faɗa wuyan tsofaffi da mata, a rage girman abin da ake shukawa, kuɗin ƙodago ya tashi ga wanda ya rage, sannan ilimin iri da na lokacin shuka, wanda ba a makaranta ake koyonsa ba, ya rasa wanda za a miƙa wa.

A gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsauni, barin noma yana da haɗarin da ya wuce rashin abinci. Gonakin shinkafar Ifugawo na ƙasar Filifin sun shiga jerin UNESCO a 1995, amma zuwa 2001 sai da aka mayar da su cikin jerin wuraren da ke fuskantar barazana, saboda an yi watsi da wani babban kaso nasu, kuma ba su fita daga wannan jerin ba sai a 2012. A yankin Cinkuwe Tere na Italiya, ƙauyuka biyar ne a bakin teku waɗanda mazaunansu 'yan dubbai ne kawai, amma miliyoyin baƙi ke ziyartarsu duk shekara. Katangun dutsen da ke riƙe da gonakin inabi a saman ƙauyukan sai ana gyara su kullum suke tsayuwa. Gaskiya ne cewa an fara barin waɗannan gonaki tun kafin baƙi su yawaita, sakamakon cutar inabi da kuma ayyukan albashi a birnin La Sifeziya, amma da hayar ɗaki ta fi noma riba, sai dalilin komawa saman tsauni ya ƙara raguwa. Ranar 25 ga Oktoba, 2011, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka, taɓo da duwatsu suka gangaro suka binne titunan Banaza da Montaroso, biyu daga cikin ƙauyukan, kuma kaso mai yawa na zaftarewar ya auku ne a gonakin da aka bari. Wato aikin da manomi yake yi a sama shi ne yake kare shagon da ke ƙasa, ko da mai shagon bai taɓa sa wannan a lissafinsa ba.

Inda abin da baƙi ke zuwa kallo namun daji ne, hanyar rasa ƙasa ta fi gajarta, domin a nan ba dillali ke zuwa ba, doka ce. A ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, a 1959 aka fitar da makiyayan Masai daga gandun dajin Sarangeti, aka ce su zauna a yankin Ngorongoro tare da dabbobinsu. A 1975 aka hana su noma a can, a 1992 aka sassauta, a 2009 aka sake hanawa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Tanzaniya ta shata murabba'in kilomita 1,500 a Loliyondo ta hana kiwo a ciki, aka yi arangama, kuma a wannan shekarar aka fara kwashe iyalai daga Ngorongoro zuwa ƙauyen Msomera da ke lardin Tanga, mai nisan ɗaruruwan kilomita. Hujjar gwamnati ita ce mutane da dabbobi sun yi yawan da wurin ba zai iya ɗauka ba, kuma gaskiya ne adadinsu ya ninka sau da yawa tun 1959. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda ake ganin ɗan lambun dankalin wata uwa a matsayin barazana ga muhalli, alhali ana ƙyale masaukan baƙi da jerin motocin da ke gangarawa cikin kwarin Ngorongoro kowace safiya. Manoman da ke zaune a gefen gandun daji ma suna biyan nasu kuɗin ta wata hanya, domin giwar da baƙo ya biya ya gani da rana ita ce take cinye gonarsu da dare.

Babban alkawarin da ake yi wa manomi idan za a gina otal shi ne zai samu kasuwa a ƙofar gida. Wani lokaci hakan yana tabbata, amma ba da kansa yake tabbata ba. Mai dafa abincin otal yana son kaya iri ɗaya, girma ɗaya, adadi ɗaya, kowane mako, damina da rani, kuma sau da yawa sai bayan makonni ake biyan kuɗin. Ƙaramin manomi kuwa kayansa sukan nuna ne a lokaci guda, ba shi da wurin sanyaya su, ba shi da mota, kuma yana bukatar kuɗinsa a hannu. Saboda haka otal yakan ga ya fi masa sauƙi ya ƙulla da babban ɗan kasuwa a birni, ko ya shigo da kaya daga ƙetare, kuɗin baƙo su bi ta saman ƙauye su wuce. Inda aka yi nasara, akwai wanda ya tsaya a tsakani. A Gambiya, wani shiri mai suna Gambia is Good da aka fara a 2004 ya riƙa tattara kayan lambu daga ƙananan manoma, ya tantance su, ya tsara musu lokacin shuka yadda kayan ba za su yanke ba, sannan ya kai wa otal-otal. Idan babu irin wannan gada, abin da yakan isa ga talakan ƙauye daga sabuwar kasuwar shi ne tsadar abinci kawai, kuma ta fi cizon gidan da ya riga ya rabu da gonarsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a duk wannan batu shi ne cewa a wurare da yawa gonar ce kanta hajar da ake sayarwa. Korewar shinkafa a jikin tsauni, da layukan inabi, da shanu a makiyaya, su ne suke cikin hoton tallan da ya jawo baƙon, su ne kuma suka sa ɗakin da tagarsa ke fuskantar gona ya fi sauran tsada. Mai otal ya samu, mai mota ya samu, mai gidan abinci ya samu, gwamnati ta karɓi haraji, shi kuwa wanda ya duƙa cikin taɓo ya samar da abin kallon ba ya cikin rabon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya saɓa wa adalci, kuma ya saɓa wa hankali, domin ranar da manomi ya gaji ya daina, abin da ake zuwa kallo ya ƙare.

Wasu ƙasashe sun gane haka, kuma abin da suka yi ya nuna cewa lamarin yana da magani. Italiya ta yi doka a 1985 kan saukar baƙi a gona, wadda ta keɓe wannan sana'a ga manoma, ta kuma shardanta cewa noma ne zai ci gaba da zama babban aikin gidan, saukar baƙi ta zama ƙari a kansa. Yau irin waɗannan gonaki sun haura 25,000. Wannan sharaɗin shi ne ruhin dokar, domin in ba don shi ba, da kowane attajiri zai sayi gona ya dasa itatuwa biyu ya kira otal ɗinsa gidan manomi. A Suwizalan, ƙuri'ar raba gardama ta 1996 ta sanya a cikin kundin tsarin mulki cewa gwamnati za ta riƙa biyan manoma kai tsaye saboda kula da ƙasa, har da masu noma a gangaren tsauni da masu kai shanu makiyayar sama, kuma a 2012 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar taƙaita gidajen hutu zuwa kashi 20 cikin 100 na gidajen kowace gunduma. A gonakin Longji na lardin Guwangshi a ƙasar Sin, ana ware wani kaso na kuɗin tikitin shiga a raba wa mazauna, kuma rabon yana la'akari da gonar da gida ya noma. Ruwanda ta fara ba al'ummomin da ke kewaye da gandayen dajinta kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga a 2005, ta ƙara zuwa kashi 10 a 2017, shekarar da takardar izinin ganin gwaggon biri ta koma dala 1,500. Namibiya kuma ta yi doka a 1996 da ta ba al'ummomin karkara ikon cin gajiyar namun dajin da ke ƙasarsu, har suna ƙulla yarjejeniya da masu masaukai da kansu.

Ba na ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin tsarin da ba shi da aibu. Kuɗin da aka gina aji ko asibiti da su suna amfanar ƙauye, amma ba sa mayar wa wani magidanci masarar da giwa ta cinye masa. Kuɗin hayar fili suna zuwa ne ga mai takardar mallaka, wanda galibi namiji ne kuma babba a gida. Ƙasashen Turai masu arziki suna iya biyan tallafin da ƙasa matalauciya ba za ta iya ba. Duk da haka akwai abin da ya haɗa su, wato a kowanne an bar ƙasar a hannun masu ita, aka sa kuɗin baƙo suka zo suka same su a kanta.

A cikin gida ɗaya ma tasirin ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne nake ganin alherin da bai kamata a raina ba. Matar da ta fara saƙa ko dafa abinci ko saukar baƙi a ɗaki biyu takan samu kuɗin da suke nata na kanta, wataƙila karo na farko a rayuwarta, kuma irin waɗannan kuɗi sun fi saurin komawa ga abinci da karatun yara. Titin da aka yi domin baƙi yana kai mai naƙuda asibiti. Gidan da ke da gona kuma yake da ɗa mai albashi ya fi jure shekarar fari, domin ƙafa biyu yake tsaye a kai. Sai dai wannan dama ba kowa take samu ba. Wanda filinsa ke bakin hanya, yake da ɗan jari, ɗansa kuma ya iya harshen baƙi, shi ne yake hawa. Wanda gonarsa ke bayan tsauni, ko wanda dama ba shi da gona, yakan ƙare ne a aikin wanki da dako na 'yan watanni, wanda ake sallamar mutum da zarar lokacin baƙi ya wuce. Ta haka ƙauyen da a da bambancin mai shi da marar shi bai wuce 'yan buhuna ba yakan tsage gida biyu.

Shekarar 2020 ce ta gwada kowa. Da annobar korona ta rufe iyakoki, yawan masu tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100. Tattalin arzikin Bali ya ragu da fiye da kashi 9 cikin 100 a wannan shekara, faɗuwar da ta fi ta kowane lardi a Indunusiya. Tsibirin ya taɓa ɗanɗana irin wannan bayan harin bam na Kuta a watan Oktoban 2002, wanda ya kashe mutum 202 ya kuma kori baƙi, amma na wannan karon ya fi tsawo. Direbobi da masu aikin otal da 'yan rakiyar baƙi suka tattara suka koma ƙauyukansu. A ɗan tsibirin Nusa Lembongan, mutanen da suka bar noman ciyawar teku shekaru kaɗan da suka wuce domin aikin baƙi suka sake kafa turakunsu a cikin ruwa. Wanda iyayensa suka riƙe gona ya samu inda zai sa fartanya, ko da ribar ba ta kai albashinsa na da ba, aƙalla gidan ya ci abinci. Wanda aka riga aka sayar da nasu filin ya koma ne ya zauna jiran tallafi, yana kallon gidan saukar baƙin da ke tsaye a inda gonarsu take, a kulle, babu kowa a ciki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ban taɓa ganin inda wannan magana ta fito fili kamar a waɗancan watanni ba.

Na yi fatan abin da aka gani a lokacin zai sauya lissafi, amma da aka buɗe iyakoki a 2022 gini ya ci gaba daga inda ya tsaya, musamman a kudancin Bali. A watan Fabrairun 2024 aka fara karɓar rufiya 150,000, kuɗin Indunusiya, daga kowane baƙo ɗan ƙasar waje da sunan kare al'adu da muhalli. A watan Satumbar 2025 ambaliya ta auka wa Denfasa, babban birnin Bali, da kewayensa, aka rasa rayuka, kuma cikin dalilan da aka yi ta ambata har da gonakin shinkafar da a da suke shanye ruwan sama, yanzu kuma an rufe su da kankare. Bayan haka ne gwamnan lardin, Wayan Koster, ya ba da sanarwar dakatar da ba da izinin gina sabbin otal-otal da gidajen abinci a kan filayen noma. Umarnin ya shafi gonakin da suka rage ne kawai, kuma manoman da ke cikinsu har yanzu suna jiran a waiwayi batun ruwansu da kuɗin shinkafarsu, waɗanda su ne tun farko suka sa maƙwabtansu sallamawa.